Wasan neman ɓoyayyen akwati: mazubin da ba a kashe masa kuɗi

 

A wannan karo za mu ɗan ratse daga batutuwan da muka saba tattaunawa, mu leƙa wani wasa na ƙasashen Turawa wanda yaranmu da ke karatu ko neman abinci a Faransa da Beljiyam da Jamus da Kanada suke dawowa hutu da labarinsa. Turawa na kiransa jiyokashin, mu kuwa a nan za mu kira shi wasan neman ɓoyayyen akwati. Yadda yake shi ne, mutum ya sami ɗan mazubi mai murfi, ya sa takardar sa hannu a ciki, wani lokaci har da ƴan tarkacen wasan yara, ya ɓoye shi a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, sannan ya ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ya wallafa su a intanet. Wani da bai taɓa ganinsa ba sai ya bi lambobin da salularsa har ya gano wurin, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da mazubin daidai yadda ya same shi. Idan ya ɗauki wani abu daga ciki, ƙa'ida ita ce ya bar wani wanda darajarsa ta kai ta wanda ya ɗauka ko ta fi. Wasan ɓuya ne irin na dandali, sai dai filinsa duniya ce baki ɗaya. Tambayar da ƙannen waɗannan matasa ke yi da zarar sun ji labarin ita ce: a cikin me za a ɓoye, kuma nawa zai ci? Ita ce za mu yi ƙoƙarin amsawa.

Kafin nan, ga taƙaitaccen tarihi, domin a cikinsa ma akwai darasin mazubi. Sojojin Amurka ne suka mallaki taurarin ɗan'adam na GPS, kuma shekaru da dama suna gurɓata siginar da farar hula ke kamawa da gangan, ta yadda na'urar mutum kan iya kuskure wuri da kimanin mita 100. Shugaba Bill Clinton ya ba da umurnin a daina, aka kuwa daina ranar 2 ga watan Mayu na shekarar 2000. Washegari, 3 ga wata, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokitin roba, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da ƴan kuɗi da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya ɓoye shi a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya ce wa jama'a su nemo. Cikin ƴan kwanaki aka same shi. A watan Satumba na wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da wurare 75 kacal. Yanzu adadinsu ya haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Shi kuwa bokitin farko bai yi tsawon rai ba, injin yankan ciyawa ya bi ta kansa ya ragargaza shi, gwangwanin waken nan kawai aka tsira da shi. Tun kafin wannan ma, a shekarar 1854, wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor na Ingila, don matafiya su riƙa jefa katin sunayensu. Kwalba da bokiti ke nan: da kayan gida aka fara wannan wasa, kuma har gobe da yawa daga cikin masu yinsa daga kicin da kwandon shara suke samo mazubansu.

A shafin da muka ambata an kasa mazubai gida huɗu bisa girmansu. Wanda bai kai mililita 100 ba shi ne ƙaramin ƙarshe, sai mai ɗaukar mililita 100 zuwa lita 1, sai matsakaici daga lita 1 zuwa lita 20, sai babba wanda ya wuce haka. Amma girma ba shi ne abin da ke sa mai wasa ciwon kai ba. Abokin gaba na farko shi ne ruwa. Takardar sa hannu ita ce ran akwatin, domin ita ce shaidar cewa mutum ya zo. Idan ta jiƙe ta zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa, wanda ya yi tafiyar kilomita goma don ya rubuta sunansa sai ya koma da takaici, ya kuma rubuta takaicin nasa a intanet kowa ya karanta. Mai akwati shi ke da alhakin kula da shi, kuma idan ƙorafi ya yi yawa bai gyara ba, masu kula da shafin suna iya cire shi daga jerin. Saboda haka mazubin da aka samu kyauta amma yake tilasta wa mai shi komawa gyara kowane wata ya fi wanda aka saya tsada, in an lissafa kuɗin mai da ɓata lokaci. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Duk da haka akwai na banza masu nagarta, sai dai a san su.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba game da yadda ruwa ke shiga. Ba lallai sai an yi ruwan sama a kan mazubi ba. Da rana iskar da ke cikinsa takan yi zafi ta kumbura, ta matsa ta fita ta gefen murfi. Da dare ta huce ta tsuke, sai mazubin ya zuƙo iskar waje mai laima. Laimar nan takan zama raɓa a jikin bangonsa, ta gangara ƙasa, ba ta kuma da hanyar fita. Kwana talatin ana wannan numfashi, sai a buɗe a tarar da ruwa kwance a cikin abin da ko sau ɗaya bai nutse ba. Maganin wannan shi ne murfi mai zoben roba wanda ke danne bakin mazubi ya toshe iska gaba ɗaya. Duk mazubin da za a duba, murfinsa za a fara dubawa.

Shekaru da yawa sarkin ƙananan mazubai shi ne ɗan kwanon fim na kyamara mai faɗin milimita 35. Masu wankin hoto suna tara su buhu-buhu, suna murna in an zo an kwashe. Masu wasan sun daɗe da gane cewa iri biyu ne: baƙi mai murfi ruwan toka wanda ke hawa bisa baki, irin na Kodak, wannan yana shan ruwa; da fari mai ɗan haske wanda murfinsa ke shiga ciki ya kama, irin na Fuji, wannan ya fi riƙe kansa. Yau kam hoton dijital ya kashe kasuwar fim, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a shekarar 2012, don haka abin da a da ake zubarwa ya zama sai an nema. Wanda ya san wani tsohon mai hoto a unguwarsu, ya tambaye shi. Ta yiwu akwai saura a ƙarƙashin tebur.

Abin da ya gaje shi, kuma a ganinmu ya fi shi nesa ba kusa ba, shi ne wanda Jamusawa ke kira petilin. Gorar ruwa ko ta lemo da muke sha ba a haka ake fara ƙera ta ba. Da farko wani ɗan bututu ne mai kauri, tsawonsa kamar na yatsa ko ya ɗan fi, ƙasansa a rufe, bakinsa kuma da zaren murɗa murfi an riga an gama shi. A masana'anta ake gasa shi a hura masa iska ya kumbura ya zama gora. Kafin a hura shi, bangonsa yana da kaurin da ko an taka shi ba ya fashewa, kuma murfin gorar lemo na yau da kullum yana kama shi ƙam, murfin da aka yi shi don ya riƙe iskar lemo balle ruwan sama. A Turai ana sayar da su da yawa a kan kuɗi kaɗan, kuma masana'antun cika gora sukan ware waɗanda suka sami tabo. Wanda yake da ɗan'uwa a irin wannan masana'anta, roƙo ɗaya ya ishe shi. Wanda ba shi da kowa, akwai dabarar da ba ta cin ko dala: a sami gora biyu iri ɗaya, a yanke wuyan kowace daga ƙarƙashin zoben nan mai tudu, a goge bakin yankan a kan siminti har ya yi sumul, a manna su baya da baya da gam mai ƙarfi. An sami ɗan mazubi mai murfi biyu wanda zai ɗauki nannaɗaɗɗiyar takarda. Raunin sa yana wurin manni, don haka nan za a tsananta gwaji.

Ɗakin magani ma wata taska ce. Mu da ke ƙasashe masu amfani da Faransanci mun san dogon bututun nan na ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su narke suna kumfa, na bitamin C ko na ciwon kai. A cikin murfinsa akwai sinadarin da ke tsotse laima, tun da ƙwayar ba ta son danshi ko kaɗan, kuma masu wasan a Faransa suna amfani da shi sosai. Haka nan ɗan kwanon da ke zuwa da tsinkayen gwajin sukari na masu ciwon suga: murfinsa a manne yake da jikinsa, ba ya ɓata, yana rufuwa da ƙara, kuma duk gidan da ke da mai wannan lalura yana zubar da irinsa a kai a kai. Robobin ƙwayoyi na gama-gari kuwa, musamman masu murfin da sai an danna kafin a murɗa, an yi su ne don su gagari yaro, ruwa kam yana shigarsu. Sharaɗi biyu muke gindayawa a nan. Na farko, a ɓare takardar jiki tsaf, don kada sunan mara lafiya da cutarsa su tafi yawo a daji, kuma kada yaron da ya tsinta ya ɗauka magani ne. Na biyu, daga gida ko daga hannun mai sayar da magani za a karɓa. Kada yaro ya kusanci jujin asibiti da sunan neman mazubi, inda allurai da kwalaben jini suke. A kan wannan layi muke sa galan da kwalaben maganin ƙwari na gona. Roba takan sha guba ta riƙe, wanki ba ya fitar da ita, kuma hannun yara ne zai buɗe.

Idan ana son mazubi mai ɗan girma wanda zai ɗauki littafi da fensir da kayan musaya, sai a koma kicin. Amurkawa sukan yi amfani da robar niƙaƙƙiyar gyaɗar da suke shafa wa burodi, saboda bakinta da faɗi, murfinta na murɗawa ne, kuma ana ganin abin da ke ciki. Irinta a wurinmu su ne robobin mayonez da na cakulan da makamantansu. Aibinsu ƙanshi ne. Hancin dabba ya fi namu nesa, kuma a Amurka dabbobin daji sukan tauna irin waɗannan robobi su watsar. A nan kuwa ɓera da gafiya da tururuwa ba za su yi wata-wata ba. Sai an wanke da ruwan zafi da sabulu, a jiƙa a ruwan jabel, a shanya kwana biyu ko uku, a cire ƴar takardar da ke manne a cikin murfi wadda ke riƙe maiƙo. Amma cire ta yakan bar ɗan gibi, sai a yanko zobe daga tsohon tiyub na keke a shimfiɗa a madadinta. A Turai da Amurka wasu suna guje wa robar gyaɗa ɗungurungum, saboda akwai yaran da ko ɓurɓushinta ya taɓa su jikinsu kan rikice. Saboda wannan batu na ƙanshi ne ma dokar wasan ta hana sa abinci ko alawa a ciki.

Sauran kayan kicin ba sai mun daɗe a kansu ba. Gwangwanin madara da na Nescafé da na tumatir tsatsa ke cinye su a damina ɗaya, murfin ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi rufuwa. Robar bota da ta yawurt zafin ranar bazara kan tsage su. Kwalba ba ta tsatsa ba ta ruɓa, amma tana fashewa a tsakanin duwatsu ta bar wa mai laluben da hannu abin da zai yanke shi. Leda mai zif tana taimakawa a matsayin riga ta biyu ga takarda, ba ta isa ta tsaya ita kaɗai ba, kuma bayan an yi ta buɗewa zif ɗin yakan gama aiki. Wanda ke da halin sayen abu ɗaya, ya sayi robar ajiye abinci mai kunnuwa huɗu da zoben roba a murfi, irin ta Lock & Lock; masu wasan sun yarda da ita ƙwarai, kuma a kan same ta da sauƙi a wurin masu kayan gwanjo, sai dai a duba zoben bai bushe ba kuma kunnuwan ba su fara fari a wurin lanƙwasa ba.

Duk wanda aka zaɓa, gwajinsa ɗaya ne kuma kyauta ne. A sa busasshiyar takarda mai laushi a ciki, a rufe, a nutsa shi a bokitin ruwa a danne da dutse, a bar shi ya kwana. Da safe a goge bayansa kafin a buɗe. In takardar ta yi ko ɗan sanyi, a mayar da shi kicin ya ci gaba da riƙe gishiri. Mu a Sahel muna da ƙarin abokin gaba wanda Bajamushe bai san zafinsa ba, wato rana. Haskenta yana cin roba har ta zama kamar ƙwan da aka fafe, kowa ya ga yadda bokitin da aka bari a tsakar gida yake ƙarewa. Fenti yana kare ta, inuwa ta fi. A goge jikin robar da takardar yashi kafin a shafa, in ba haka ba fentin zai ɓare. Gara kuma ba ta raina takarda da katako, don haka akwatin itace ba namu ba ne.

Yanzu ga inda muke roƙon iyaye su tattara hankalinsu, domin a nan batun ya wuce na jiƙewar takarda. Mazubin da Amurkawa suka fi yabo a wannan wasa shi ne akwatin harsashi na soja: ƙarfe ne, da zoben roba a murfi da maƙulli mai dannewa, yana shekaru a daji cikinsa a bushe, kuma a can ana sayar da tsofaffinsa a shagunan gwanjon kayan soja. Duk wanda ya karanta shawarwarinsu zai ga sunansa a sahun gaba. Mu muna cewa kada ɗanmu ya taɓa shi, a gida ko a waje. A halin da yankinmu yake ciki, daga gabar tafkin Cadi zuwa iyakokin yamma, matashin da aka gani da akwatin harsashi ba zai sami zarafin yin bayanin wasa ba. Haka nan bututun ruwa na roba da aka toshe bakinsa biyu, wanda wasu ke yi don araharsa: kamanninsa kamannin bam ne sak, kuma ba ya ma hana ruwa yadda ake zato.

Wannan tsoro ba mu muka ƙirƙire shi ba. A watan Yuli na shekarar 2011, a garin Wetherby na Ingila, an hangi wani mutum yana ajiye ƴar robar wasan nan a kan titin kasuwa. Aka kira ƴan sanda, aka rufe tsakiyar gari na wasu sa'o'i, shaguna suka yi asarar ciniki, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa ta. A Faransa, inda shirin tsaro na Vigipirate yake aiki, duk ƙunshin da aka yasar a tasha ko bakin ma'aikata haka ake yi masa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: idon da zai kalli dattijon Bature yana laluben ƙarƙashin benci ya wuce, ba lallai ya wuce ɗanmu baƙar fata mai suna irin namu ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Dokokin wasan da kansu sun hana ɓoyewa kusa da barikin soja da filin jirgin sama da makarantu da hanyar jirgin ƙasa da manyan gine-ginen hukuma, sun hana tona rami a binne, sun wajabta neman izinin mai wuri, sun kuma sa tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. Sai dai masu sa kai da ke tantance sabon wuri kafin a wallafa shi a taswira suke dubawa, ba sa zuwa su ga mazubin da idonsu. Zaɓen siffarsa yana wuyan mai shi. Shi ya sa muka fi son roba mai haske wadda ake ganin cikinta daga nesa. In za a yi mata fenti, a bar wani gefe a buɗe kamar taga, a kuma rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe, da harshen mutanen wurin, cewa kayan wasa ne ba shi da haɗari.

A garuruwanmu wuraren da aka yi wa rajista a shafin ba su da yawa, kuma ba ma ba kowa shawarar ya je yana cusa roba a kasuwa ko tasha. Ko ba batun tsaro, a ƙasar da ba a yar da gora mai murfi, yaro mai kiwo zai tsince ta kafin la'asar, uwarsa ta zuba daddawa, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Amma ana iya yin wasan a cikin dangi ba tare da an wallafa komai ba. Kama siginar GPS ba ya cin kuɗin waya, kuma akwai manhajojin da ke nuna lambobin wuri ko babu intanet. Gonar iyali ko garka ko filin makaranta da izinin shugabanta sun isa. Babba ya ɓoye mazubai uku ko huɗu, ya rubuta lambobin a takarda, ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da salula ɗaya. A nan ne darasin taswira da suke haddacewa a aji zai sauko ƙasa: za su ga cewa Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 2 da ɗoriya gabas da Greenwich, kuma minti ɗaya na tafiya arewa mita 1852 ne, don haka lambar ƙarshe cikin ukun da ke bayan ɗigo ba ta kai mita 2 ba. Za su kuma ga cewa salula takan kai mutum kusa ne kawai, cikin ƴan mitoci, daga nan sai ido da hankali. A gargaɗe su kada su zura hannu a rami ko kogon itace sai sun fara tura sanda, saboda kunama da maciji su ma inuwa suke nema.

A cikin kowane mazubi a sa fensir maimakon bik, domin tawada takan bushe a zafi ta kuma malale a laima, a fere shi gajere yadda zai shiga, a naɗe takardar a jikin tsinken ashana don ta yi sauƙin zarowa. In an tashi daga wasa a kwashe mazuban a koma da su gida, tare da duk ledar da aka tarar a hanya, kamar yadda masu wasan suka saba yi a can.